Mafarki a Bakin Mai Shi: Harshe da Neman Ma'ana a Jinya ta Zance

1.0 Gabatarwa

Babu likitan da ya taɓa ganin mafarkin majinyacinsa. Abin da ke isa kunnensa labari ne da aka shirya bayan farkawa, aka zuba shi cikin kalmomi da jimlolin wani harshe, aka kuma ba da shi ga wani mutum a wani zama. Hoton da ya gifta wa mai barci da dare ya tafi ke nan. Abin da ya rage shi ne “na yi mafarki wai…” da duk abin da ya biyo bayansa. Saboda haka duk wanda ya ce zai nemi ma'anar mafarki, matani ne ya sa a gabansa, matani kuwa kayan aikin masu nazarin harshe ne.

Wannan maƙala tana bayani a kan yadda ake sarrafa mafarki a fannin da za a kira a nan jinya ta zance, wato magance damuwar zuciya da rikicewar tunani ta hanyar tattaunawa tsakanin majinyaci da ƙwararre, a maimakon ƙwaya ko allura. An kira wannan ƙwararre “likita” don sauƙi, ko da yake da yawansu masana halayyar ɗan Adam ne da ba su yi karatun likitanci ba. Tambayar da aka bi ita ce: a ina ma'anar mafarki take, kuma wa ke da ikon faɗinta? Cikin shekaru fiye da 120, fannin ya yi ta karkata ga amsa guda, cewa ana samun ma'anar ne a yadda mai mafarkin ya faɗe shi da abin da kalmominsa suka tuno masa. Batun yana da nauyi, domin fassarar da aka ɗora wa mutum mai rauni tana iya sauya abin da ya ɗauka game da rayuwarsa.

2.0 Daga Littafin Fassara zuwa Bakin Mai Mafarki

Fassarar mafarki tsohuwar sana'a ce. A ƙarni na 2 na Miladiyya, Artemidorus, mutumin garin Daldis a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, ya rubuta littafi mai juzu'i biyar da harshen Girka a kan wannan fanni, kuma Hunainu ɗan Is'haƙu, wanda ya rasu a shekarar 873, ya mayar da babban sashensa zuwa Larabci. A ƙasar Hausa sunan da aka fi sani shi ne na Muhammadu ɗan Sirina, malamin Basra da ya rasu a shekarar 728, duk da cewa masu bincike sun nuna littafin da ake sayarwa da sunansa an tattara shi ne bayan zamaninsa. Zubin irin waɗannan littattafai zubin ƙamus ne: a nemi “maciji” ko “ruwa” ko “haƙori”, a karanta abin da yake nufi.

Amma gwanayen wannan sana'a sun san abu biyu da suka fi ƙarfin ƙamus. Na farko, mai mafarkin yana cikin lissafi. Ana ba da labarin mutum biyu da kowannensu ya ga yana kiran salla a mafarki, ɗan Sirina ya yi wa ɗaya bushara da aikin hajji, ya gaya wa ɗayan za a kama shi da sata, saboda bambancin halinsu da ya lura da shi. Na biyu, mafarki yana wasa da sautin kalmomi. Artemidorus ya kawo labarin Iskandar Mai Girma lokacin da ya kewaye birnin Taya a shekara ta 332 kafin Miladiyya. Yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya ga wani dodon tatsuniyoyin Girkawa, wanda ake kira satyros, yana rawa a kan garkuwarsa. Mai fassara ya raba kalmar biyu, sa Tyros, wato “Taya taka ce”. Haka nan a littattafan Larabawa akan fassara ɗan itacen da ake kira safarjal da tafiya, saboda farkon sunansa safar ne.

Sigmund Freud (1856–1939), likitan jijiyoyi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya san waɗannan tsofaffin littattafai. Littafinsa Die Traumdeutung, wato fassarar mafarki, ya fito a watan Nuwamba na 1899 amma aka buga masa kwanan 1900. An buga kwafi 600, suka ɗauki shekara takwas kafin su ƙare. Sabon abin da ya zo da shi ya shafi wanda ake tambaya. A da mai fassara ne ke duba alama ya faɗi abin da ta tuno masa. Freud ya mayar da aikin ga mai mafarkin: a yanka labarin gaɓa-gaɓa, a kan kowace gaɓa ya faɗi duk abin da ya faɗo masa a rai, kome ƙanƙantarsa, kome kunyarsa, ba tare da tacewa ba.

Ya fara gwada hanyar a kan kansa, da mafarkin da ya yi a daren 23 ga Yuli 1895 game da wata majinyaciyarsa da ya sakaya sunanta da Irma. A mafarkin ta zo tana kukan ciwo, aka duba ta, aka gano cewa wani abokin aikinsa ne ya yi mata allura da sirinji marar tsabta. Da ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ya kai ga cewa mafarkin ya wanke shi ne daga laifin rashin warkewarta, ya ɗora wa wani. Daga nan ya gina ra'ayinsa cewa mafarki biyan wata buƙata ce ta zuciya, wadda akasari takan zo a ɓadda kama.

3.0 Aikin Mafarki da Nahawunsa

Freud ya bambanta zahirin mafarki, wato labarin da aka tuna aka faɗa, da baɗininsa, wato tunanin da ke ƙarƙashi. Abin da ke mayar da baɗini zahiri shi ya kira aikin mafarki, ya kuma kasa shi gida huɗu.

Na farko dunƙulewa. Abubuwa da yawa sukan haɗu a siffa ɗaya. Irma ta mafarki tana ɗauke da kamannin mata da yawa da Freud ya sani. Dunƙulewa tana faɗa wa kalmomi ma: ya taɓa mafarkin wata ƙirƙirarriyar kalma, norekdal, wadda ya gano an haɗa ta ne daga Nora da Ekdal, sunayen mutane biyu a wasannin kwaikwayon Henrik Ibsen. Duk ɗalibin ilimin ginin kalma zai gane wannan dabara ta narka kalma biyu su zama ɗaya.

Na biyu gusarwa. Nauyin abin da ya dami mutum yakan tashi daga kansa ya sauka a kan wani ƙaramin abu da ke kusa da shi. Mai jin haushin mahaifinsa sai ya yi mafarkin yana neman takalmin tsohon a firgice.

Na uku mayar da tunani hoto. Freud ya kwatanta mafarki da wasan ƙwaƙwalwa na zane, inda ake jera hotuna a karanta sunayensu don a fitar da jimla. Wanda ya tsaya yana kallon zanen a matsayin zane zai ga shirme. A nan ne ya yi wata lura da ta shafi ginin jimla kai tsaye: mafarki ba shi da mahaɗai. Ba shi da “idan”, ba shi da “saboda”, ba shi da “ko… ko”, ba shi kuma da korewa. Sababi da sakamako sukan zo a matsayin fage biyu, ɗaya na bin ɗaya. Zaɓi tsakanin abu biyu yakan zo da duka biyun a jere. “A'a” takan fito a siffar ƙafafun da suka ƙi ɗaguwa lokacin da mutum ke son gudu.

Na huɗu gyaran ƙarshe. Hankali ba ya son labari mai giɓi, saboda haka yakan cike ramuka ya ƙulla zaren da babu shi. Duk “sai”, “daga nan” da “shi ya sa” da ke cikin labarin mafarki suna iya zama ɗinkin mai ba da labarin. Freud bai ɗauki wannan a matsayin cikas ba. Idan labari ya yi masa duhu, yakan roƙi majinyaci ya sake faɗa, ya kasa kunne ga wuraren da kalmomi suka sauya, domin a ganinsa nan ne rigar ɓadda kamar ta yi rauni. Har shakkar mai magana, irin su “ban tabbata ba ko shi ne”, yakan lissafa ta cikin matani.

4.0 Inda Masana Harshe Suka Sa Baki

Ella Freeman Sharpe, wadda ta koyar da adabin Ingilishi kafin ta shiga wannan fanni a Landan, ta nuna a littafinta na 1937 cewa dabarun mafarki su ne dabarun adon harshe na mawaƙa. A 1956 Roman Jakobson ya ba batun tushe na kimiyyar harshe a maƙalarsa kan nau'i biyu na ciwon ɓacewar magana. Ya ce kowane zance yana tafiya a kan turba biyu: turbar kamanni, wadda ke haifar da siffantawa, kamar a kira jarumi zaki, da turbar maƙwabtaka, wadda ke haifar da metonimi, wato ambaton abu da sunan abin da ke tare da shi, kamar a ce wane ya samu rawani ana nufin sarauta. Ya kuma lura cewa mafarki ma a kan waɗannan turbobi yake gudana.

Jacques Lacan a Faris ya ɗauki wannan ra'ayi a 1957, ya daidaita dunƙulewa da siffantawa, gusarwa kuma da metonimi, ya kafa koyarwarsa a kan cewa ɓoyayyen sashen zuciya yana da tsari irin na harshe. Ya kamata ɗalibi ya lura da wani saɓani a nan. Jakobson ya ajiye dunƙulewa da gusarwa duka a gefen maƙwabtaka, ya bar wa alamtarwa gefen kamanni. Rabon da aka fi yaɗawa na Lacan ne, kuma sau da yawa akan jingina shi ga Jakobson bisa kuskure.

Suka mafi ƙarfi daga masana harshe ta fito ne daga Émile Benveniste, shi ma a 1956. Freud ya ga cewa a mafarki abu yana iya tsayawa a madadin kishiyarsa, sai ya samu goyon baya a wani ɗan littafi na Karl Abel na 1884, wanda ya yi iƙirarin cewa a harsunan farko kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu masu karo da juna. A 1910 Freud ya yaba wannan aiki. Benveniste ya bi misalan Abel ya nuna ba su da tushe. Kalmar Latin altus, alal misali, ana fassara ta da “mai tsawo” da kuma “mai zurfi”, amma a Latin ma'anarta ɗaya ce, awo daga ƙasa zuwa sama, ko na hasumiya ko na rijiya. Karon ya samo asali ne daga harshen da aka fassara zuwa gare shi. Benveniste ya ƙara da cewa idan ana son a kwatanta mafarki da wani abu na harshe, salo ya fi dacewa da kwatancen a kan nahawu. Darasin ya wuce batun Abel: abin da ya zama baƙo a idon mai fassara yana iya zama lafiyayye a harshen mai magana.

5.0 Hanyoyin da Suka Biyo Baya

Carl Gustav Jung (1875–1961) na birnin Zurik ya raba gari da Freud a 1913. A ganinsa mafarki ba ya ɓoye kome, yana magana ne da harshen hoto wanda mai farkawa bai iya ba. Aikinsa daidaita ma'auni ne: mutumin da ya cika ji da kansa da rana sai ya ga kansa ƙasƙantacce da dare. Jung ya fi son a tsaya a kan hoton a yi ta kewaya shi, a kwatanta shi da tatsuniyoyi da al'adu, ya kuma fi amincewa da jerin mafarkai na watanni a kan mafarki guda, kamar yadda ake gane ma'anar baƙuwar kalma idan an gan ta a jimloli da yawa.

Fritz Perls (1893–1970) ya bi ta nahawu kai tsaye. Yakan sa majinyaci ya ba da mafarkinsa a lokaci mai ci, kamar yanzu abin ke faruwa, sa'an nan ya ari bakin kowane abu na cikin mafarkin ya yi magana da wakilin suna na mutum na farko. A Hausa, “sai na ga rijiya ta ƙafe” za ta koma “ina ganin rijiya”, daga nan ta koma “ni ce rijiyar, na ƙafe, ana zuwa da guga ana komawa hannu wofi”. Sauyin lokaci da na wakilin suna kaɗai sukan sa mutum ya ji abin da yake faɗa game da kansa, ba tare da likita ya fassara masa kome ba.

Clara Hill ta Jami'ar Maryland a Amurka ta tsara wata hanya a 1996 mai mataki uku: bincika hotunan mafarkin ɗaya-ɗaya, gina fahimta tare da majinyaci, sa'an nan duba abin da zai iya sauyawa a rayuwarsa. A wannan tsari likita abokin bincike ne, kalmar ƙarshe kuma ta mai mafarki ce.

6.0 Abin da Ɗakin Gwaji Ya Nuna

A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Shikago suka gano cewa akwai wani matakin barci da idanu ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatarsu, ƙwaƙwalwa kuma tana aiki kamar ta farkakke. Matakin yana dawowa kusan kowane minti 90, yana cin kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na barcin baligi. Michel Jouvet na birnin Liyon a Faransa ya nuna cewa a wannan mataki tsokokin jiki sukan saki gaba ɗaya. A gwajin William Dement da Kleitman na 1957, kimanin kashi 80 cikin 100 na tashin da aka yi wa mutane a wannan mataki ya zo da labarin mafarki, a sauran matakai kuwa ƙalilan ne.

Sai dai a 1962 David Foulkes ya sauya lafazin tambayar. Ya daina cewa “kana mafarki?”, ya koma tambayar abin da ke gudana a zuciyar mutum kafin a tashe shi. Nan take fiye da rabin tashin da aka yi a sauran matakan barci ya zo da labari. Ƙwaƙwalwar ba ta sauya ba, kalmomin mai tambaya ne suka sauya, kuma duk wanda ya taɓa fita tattara bayanan harshe ya san wannan matsala.

A 1977 Allan Hobson da Robert McCarley na Jami'ar Harvard suka ƙalubalanci Freud. Suka ce gindin ƙwaƙwalwa ne ke harba saƙonni barkatai a lokacin barci, sashen sama kuma ya yi ƙoƙarin ɗinka su su zama labari. Daga baya, a 1997, Mark Solms ya nuna daga masu raunin ƙwaƙwalwa cewa mutum yana iya rasa mafarki alhali matakin motsin ido yana nan daram, abin da ya tabbatar cewa su biyun ba abu ɗaya ba ne. Har yau ba a rufe wannan muhawara ba.

Wata hanya kuma ta ɗauki mafarki a matsayin rumbun matani. Calvin Hall da Robert Van de Castle sun fitar da tsarin ƙidaya a 1966 bisa rubutattun mafarkai 1,000 na ɗalibai 200 a jihar Ohayo, rabi maza rabi mata. Suka ƙirga mutane, wurare, faɗa, zumunci, sa'a da rashinta. Suka tarar tsoro da baƙin ciki sun rinjayi farin ciki, kuma mutanen da abubuwan da suka fi yawan fitowa su ne waɗanda suka fi damun mai mafarkin a farke. Wannan ya ba likitoci hujja mai sauƙi: ko da ba a yarda da batun ɓadda kama ba, mafarki yana nuna abin da ke cin mutum a rai.

7.0 Mugun Mafarki da Haɗarin Fassara

Freud da kansa ya ga iyakar ra'ayinsa. Sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Farko suna ta maimaita fagen fama a barci, kuma babu wata buƙatar zuciya da irin wannan mafarki ke biya. Ya amsa wannan a littafinsa na 1920. A yau ɗaya daga cikin magungunan da suka fi samun shaidar gwaji a kan maimaitaccen mugun mafarki ba ya buƙatar fassara ko kaɗan. Majinyaci yakan zaɓi mafarkin, ya sauya labarinsa yadda ya ga dama yana farke, sa'an nan ya riƙa bitar sabon zubin a zuciyarsa na ƴan mintoci kowace rana. A 2001 Barry Krakow da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi da mata 168 a jihar New Mexico, waɗanda kusan dukkansu an taɓa yi musu fyaɗe ko wani cin zarafi na lalata. Bayan zama uku, waɗanda suka bi hanyar sun samu raguwar mugayen mafarkai da ingancin barci fiye da waɗanda ke jiran layi. A nan ma labari ne aka yi wa aiki.

Ta ɗaya gefen kuma akwai gargaɗi. A ƙarshen shekarun 1990 Giuliana Mazzoni da Elizabeth Loftus suka gudanar da gwaje-gwaje inda wani ƙwararre ya gaya wa ɗalibai, cikin zama ɗaya na kimanin rabin awa, cewa mafarkinsu, ko mene ne shi, alama ce ta cewa sun taɓa ɓata a bainar jama'a kafin su kai shekara uku. Bayan makonni, da yawansu sun ƙara yarda cewa abin ya faru da su, alhali tun farko sun ce bai faru ba. Maganar mai iko tana shiga zuciya ta zauna. Wannan ne ya sa ƙa'idar aiki a yau ita ce likita ya yawaita tambaya ya taƙaita hukunci.

8.0 Idan Mafarkin Ya Zo da Hausa

Freud ya yarda da maganar abokin aikinsa Sándor Ferenczi cewa kowane harshe da irin mafarkinsa, har ya yi zaton littafinsa ba zai fassaru ba. Wannan magana ta shafi Nijar kai tsaye, inda ake karatun likitanci da Faransanci, majinyata kuwa suna zuwa da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci, wani lokaci ma ta bakin tafinta. Ga wurare huɗu da asara ke iya aukuwa.

Na farko sauti. A ƙaddara wata mata da ta rasa ɗa, ta kuma danne hawayenta saboda kada a ce ba ta da haƙuri, ta yi mafarkin tana tsaye a gindin kuka ta kasa matsawa. Tafinta zai ce baobab, ya gama aikinsa. Mai jin Hausa kuwa ya san karin sautin gaɓar ƙarshe ne kawai ya raba itacen kuka da kukan hawaye. Haka “gari” na mazauni da “gari” na tuwo, tsawon wasali ya raba su, haka “fari” na launi da na rashin ruwa da na ƙwari. Wannan kusanci ba hujja ba ce cewa ma'anar ke nan. Ƙofa ce da matar kaɗai za ta iya cewa ta buɗe ko ba ta buɗe ba, amma fassara takan toshe ƙofar tun kafin a gan ta.

Na biyu karin magana. Magidancin da ya ga kansa ɗauke da dutse a ka, yana lalube bai samu abin da zai tare kansa da shi ba, ya zana “ɗaukar Dala ba gammo” ne a hoto. Wanda bai san maganar ba zai tafi neman ma'anar dutse.

Na uku ƙananan kalmomin da ke nuna matsayin mai magana. Labarin mafarki a Hausa cike yake da “wai”, “kamar” da “sai ga”: “wai na koma gidanmu na Tawa, wai tsohona yana da rai, sai ga shi a zaure”. “Wai” tana nesanta mai magana da abin da yake faɗa, kuma ita ce tafinta ke fara zubarwa. Inda ta yawaita da inda ta ɓace a cikin labari ɗaya abin lura ne. Haka kuma akwai tazara tsakanin “na yi mafarki”, “an nuna mini a mafarki” da “ya zo mini a mafarki”. Ta farko ta sa mai magana a matsayin mai aikatawa, sauran biyun sun nuna yana ganin saƙo ne daga waje. Likitan da ya ji bambancin ya san irin tattaunawar da ke gabansa.

Na huɗu shiru. A koyarwar Freud, jinkiri da kauce wa suna alamun turjiya ne. A al'adar Hausawa kuwa mace tana iya ƙin ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari saboda kunya, ta ce “shi” ko “mai gidan” ko “yaron nan”. Bugu da ƙari, koyarwar Musulunci ta kasa mafarki uku, na bushara, na tsoratarwar Shaiɗan, da na zancen zuci, ta kuma hori mutum kada ya ba da labarin mummunan mafarki. Majinyacin da mugun mafarki ya hana barci yana iya rufe bakinsa saboda wannan horo, ba don yana ɓoye wa likita wani abu ba. Kashi na uku, zancen zuci, shi ne filin da jinya ta zance ke aiki a ciki, kuma likitan da ya fara daga nan ya samu matsaya ɗaya da majinyacinsa ba tare da ya taɓa imaninsa ba.

9.0 Kammalawa

Daga Freud zuwa Hill, mazhabobin wannan fanni sun saɓa a kan asalin mafarki da amfaninsa, amma tafiyar ta nufi wuri guda: an rage ikon mai fassara, an ƙara sauraron mai mafarki. Abin da ake saurara kuwa magana ce, mai karin sauti, mai lokaci, mai wakilin suna, mai karin magana, mai shiru. A nan ɗalibin kimiyyar harshe yake da aikin da ba na likita ba, wanda kuma likita ke buƙata: tattara labaran mafarki da Hausa bisa yardar masu su tare da sakaya sunayensu, rubuta su da alamun karin sauti da tsawon wasali, bayyana yadda “wai” da “sai” ke aiki a cikinsu, kwatanta zubin Damagaram da na Adar da na Maraɗi, da horar da tafintocin asibiti su riƙa kawo kalmar majinyaci yadda ya faɗe ta kafin su kawo fassararta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin mai sauraro shi ne ya ji abin da mai ɗakin ya faɗa, da harshen da ya faɗe shi.